Tagullar da Kawu Ya Goge

Ni na kai Kawu Sulaimanu wurin aikinmu, saboda haka duk abin da ya biyo baya akwai hannuna a ciki, ba sai wani ya tuna mini ba.

Kawu Sulaimanu yayan mahaifiyar matata Firdausi ne. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta, ka ga kuwa suruki ne na gaske, wanda ko ruwa zan sha a gabansa sai na ɗan juya gefe. Mutumin Damagaram ne, ɗan gidan maƙeran tagulla, masu zuba munduwa da tasa da buta. Amma tun da ya sauka New York bai sake riƙe awartaki ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a tsaye gaban tebur a titin Fordham, lokacin zafi ya sayar da tabarau, lokacin sanyi ya koma hula da safar hannu. Gwiwoyinsa suka ƙare. Hunturun bara sau biyu ana kirana in je in ɗauko shi, ya kasa hawa matakalar tashar jirgin ƙasa mai lamba 4. Likita bai ɓoye masa komai ba, ya ce in ya ƙara wani hunturun a kan simintin titi, to ya fara neman keken guragu.

Ni sunana Mukhtari, ɗan Fagge, shekarata tara ina feshi a wani shago a Port Morris, can ƙasan Bronx. Fentin seramik muke yi wa ƙarfe, kuma ba irin fentin ƙofa ba ne. Sai ka wanke ƙarfen ya rabu da maiƙo, ka buge shi da yashi a cikin akwati har ya yi kaushi, ka rataye shi a waya, ka fesa masa siriri, sannan ka sa a oban, wato tanderun gashi, awa biyu. In ya fito, ko da wuƙa za ka karce shi sai ka sha wuya. Muna yin kayan babur da hannun ƙofa da fitilu, amma rabin aikinmu na gidajen wasan kwaikwayo ne na Manhattan, masu son ƙarfen banza ya yi kama da na kirki.

Mai shagon Madam Dolores ce, mace mai gajeren zance wadda ba ta maimaita magana. Wata uku na yi ina mata magiya a kan Kawu, har na fara jin kunyar kaina. Da mai haɗa mana launi ya tattara ya koma Florida, sai ta nuna mini kujerarsa, wadda ke gaban teburin gwangwanaye, dab da oban inda ɗumi yake.

"Sati biyu," in ji ta. "In ya iya, kujerar can tasa ce."

Kujerar nan ita ce komai. Aiki ne na zaune, a cikin ɗaki, ga Nuwamba ta kama.

Satin farko ya wuce lafiya. Kawu ba ya surutu, ba ya latti, kuma duk gwangwanin da ya taɓa sai ya share bakinsa kafin ya rufe. Madam tana gani, ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne.

Ran Litinin ta sati na biyu Mis Loretta ta zo. Baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, ta haura sittin, ita ke kula da kaya a wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo. Za su yi wasa a kan sojojin yaƙin basasar Amurka, sun tanadi bindigogin libarba goma sha biyu, na bogi, ko ramin harsashi babu. Matsalarta ƙarfen mariƙin ne, wato ƙarfen nan da ya zagaye kunamar bindiga ya gangaro bayan hannu, wanda ake ɗaura katako a jikinsa. Na wancan zamanin da tagulla ake yi. Nata kuwa na alminiyom ne, fari fat, ko daga kujerar baya ɗan kallo zai gane.

Ta buɗe jakarta ta fito da wata tsohuwar safa, ta zaro wani ƙarfen mariƙin daga ciki, ta ajiye a kan tebur da hannu biyu.

"Wannan na gaske ne," ta ce. "Na kakan kakana ne, da shi ya je yaƙin. Bindigar ta daɗe da salwanta, wannan kaɗai ya rage mana. Launinsa nake so, ba wani ba. Zan bar muku shi zuwa Alhamis."

Abin ya yi duhu, kamar zumar da ta daɗe a kwalba. A lunguna ya kusa zama baƙi, a bayan mariƙin kuma akwai wuri mai ɗan haske.

Bayan ta fita Madam ta yafito ni. Kawu yana can gaban akwatin yashi, kunnuwansa a toshe.

"Ka gaya masa kallo kawai zai yi," ta ce. "Kada ya wanke, kada ya goge, ko tsumma kada ya sa masa. Duhun nan shi ne darajarsa."

Na ce to. Kuma wallahi da niyyar faɗa na tafi. Na kai masa ƙarfen, ya cire abin kunnen, ya share tafinsa a riga, ya karɓa. Ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. Ya jujjuya shi, ya sansana. Fuskarsa ta sake irin yadda ban taɓa gani ba tun da na san shi.

"Zubi ne," in ji shi. "Tutiyar ta ɗan yi yawa, amma wanda ya zuba wannan ya san hannunsa. Mukhtari, shekara ashirin da biyu rabona da in riƙe tagulla ta gaskiya."

To ka gaya mini. Ni da ubana tela ne, ni da ban san tagulla ba sai a jikin famfo, in buɗe baki in ce wa surukina, maƙeri ɗan maƙeri jikan maƙeri, ga yadda ake riƙe tagulla, kada ku yi kaza? Bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce a raina sai gobe. Da goben ta zo na ce ai ya fi ni sani, ya fi Madam ma sani.

Aka zo kan launi. Kamfanin da muke sayen fenti a wurinsa yana da kati mai ɗauke da launuka sun fi ɗari, kuma a ciki akwai guda biyu da kowa ke ɗauka in an ce tagulla: ɗaya ruwan zinariya, ɗaya kuma mai duhu da suke kira ƙonanniyar tagulla. Da ni aka bar wa, ƙonanniyar zan fesa in huta, ba wanda zai yi ƙorafi. Kawu ya ɗauki katin da ƙarfen Mis Loretta ya ɗingisa zuwa bakin ƙofa inda hasken rana yake. Ya daɗe a can.

"Patron," ya ce da Madam, yadda ake kiran mai shago a Damagaram, ni ina fassarawa inda Turancinsa ya tsaya, "wannan na farko ɗan kunnen kanti ne. Na biyun kuwa ƙasa ce aka kwaɓa. Babu tagulla a takardar nan."

Madam ta ɗaga kafaɗa ta ce to ya haɗa nasa.

Ya zauna a kujerar ya ja gwangwanaye. Da sirinji muke auna fenti, shi ma da shi ya auna, amma idonsa ba a kan lamba yake ba, a kan launin yake. Ya zuba ruwan zinariyar, ya karya shi da ruwan ƙasa, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko kore. Na ce, "Kawu, kore kuka ɗauko." Ya ce ya sani. Ya ce kowace tagulla da kore a cikinta a ɓoye, wanda bai taɓa narka ta ba ne bai sani ba. A raina na ce yau za mu ga ikon Allah.

Fentin nan yana da wani hali, launin da ka gani a kofi ba shi ne zai fito daga oban ba, wuta tana ƙara masa duhu. Saboda haka kowane haɗi sai na fesa shi a ɗan guntun alminiyom, mun gasa, mun jira ya huce. Na farko ya fito rawaya ta yi yawa. Na biyu ya mutu, ba rai. Na uku ni dai na ga ya yi, Madam ma ta ga ya yi, Kawu ya kalle shi sau ɗaya ya jefa a kwandon shara. Haushi ya kama ni, don awa biyu-biyu muke ƙonawa a kan kowane gwaji, ga wasu ayyukan suna jira. Ran Talata da la'asar na huɗu ya fito. Kawu ya kai shi bakin ƙofa, ya dawo ya rubuta 4 a bayansa.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sha biyun ya ce in fesa masa lamba huɗun, sannan ya ƙara duhu a wani kofin ya nuna mini inda zan bi da shi: lungun kunama, gindin sukurori, gefen dama. Gefen hagu na bayan mariƙin ya ce in bar shi da haskensa.

"Bahago ne," ya ce. "Dubi inda tafinsa ya ci ƙarfen. Mutum mai babban hannu, kuma yana riƙewa da ƙarfi."

Ran Laraba da safe aka fito da shi daga oban. Madam ta kashe fitilun shago, ta kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa irin ta dandamalin wasa, ta jera na gasken da namu a ƙarƙashinta. Ni da na fesa da hannuna sai da na ɗaga su na ji nauyi kafin na bambance. Madam ta daɗe tana kallo. Daga nan ta buɗe aljihun teburinta, ta ɗauko makullin loka, wato akwatin ajiyar ma'aikaci, ta miƙa wa Kawu. Ba a ba ɗan gwaji loka a shagon nan. Na fita bayan shago na kira Firdausi na gaya mata, ta yi ta hamdala.

Da azahar ni da Madam muka tafi kai wasu fitilu Flatbush, muka bar Kawu shi kaɗai. Tun da safe na ga wata kwalba a jakarsa da tsamiya jiƙe a ciki, da ɗan ƙullin toka a leda, da lemon tsami biyu. Na ɗauka wani sabon maganin gwiwa ne aka ba shi, don ba irin wanda bai gwada ba. Cunkoso ya riƙe mu a gada, ko da muka dawo ya share wurinsa ya tafi gida.

Ran Alhamis ƙarfe goma Mis Loretta ta shigo. Kawu ya zo da farar shadda a ƙarƙashin rigar aiki, ya sa hularsa ta Juma'a. Kafin Madam ta yi magana ya buɗe lokarsa, ya fito da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ajiye a gaban matar, ya warware da kansa.

Ƙarfen kakan kakanta ne. Yana ta walƙiya, rawaya zalla, sai ka ce yau aka zuba shi. Ko a lungun kunama babu ɗigon duhu. Ina ganin fitilar rufi a jikinsa.

Mis Loretta ta sunkuya ta kalle shi.

"Me ka yi masa?" in ji Mis Loretta, a hankali.

Kawu ya juyo gare ni yana murmushi. "Gaya mata, a gidanmu ba a mayar wa mutum da tagullarsa da dauɗa. Abin kunya ne ga maƙeri. Ta ba mu aro mun amfana, wannan tukuicina ne. Awa uku na yi a kansa."

Na fassara.

Matar ta jawo kujera ta zauna, kujerar Kawu ce ma. Ta ɗora babban yatsanta a bayan mariƙin, gefen hagu.

"Ina ƙarama kakata takan kama yatsana ta ɗora a nan," ta ce. "Wurin yana da haske, kewayensa duk duhu. Sai ta ce nan hannunsa yake. Ni ma haka na yi wa jikokina. Yanzu ko'ina ɗaya ne."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Wannan bai buƙaci fassara ba. Na ga murmushin Kawu ya tafi, hannunsa ya nemi gefen tebur ya dafa.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Kawu, ba yadda za a yi a mayar da duhun?"

"Ana yi," ya ce. "Ƙwai da hayaƙi, kwana biyu. Haka muke yi wa Nasara masu yawon buɗe ido. Amma duhuna zai zama, ba na kakanta ba. Gaya mata hakan, kada ka rage komai."

Na gaya mata. Ta girgiza kai.

Sai Madam ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Mukhtari, ka gaya masa ko ba ka gaya masa ba?"

Na buɗe baki. Kawu ya riga ni. Shekara ashirin da biyu a bakin titi sun ba shi Turancin da zai gane wannan tambayar, kuma da shi ya amsa. Ya ce na gaya masa tun ran Litinin, shi ne bai ji ba. Sannan ya koma Hausa, idonsa a ƙasa, kamar mai yin addu'a.

"Rufe bakinka. Ko ka faɗa, cewa zan yi patron ba ta san tagulla ba, in goge abina. Ɗiyata da 'ya'yanta uku a wuyanka suke."

Na rufe bakina. Zan so in ce biyayya ce ga suruki, kuma akwai ta a ciki. Amma gaskiya tsoro ne ya fi yawa, kuma da na ji ya ɗauke laifin sai da na ji wani sanyi a raina. Wannan sanyin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina har yau.

Mis Loretta ta mayar da ƙarfenta cikin safa. Har ta miƙe, sai idonta ya faɗa kan namu, wanda muka gasa ran Laraba, yana gefen tebur. Ta ɗauka. Ta jujjuya shi, ta kai shi bakin ƙofa kamar yadda Kawu yake yi, ta ɗora yatsanta a gefen hagu.

"Wannan shi ne," ta ce. "Har wurin hannun." Ta ajiye shi. "Wanda ya yi wannan shi zai yi mini sauran."

Ba ta kalli Kawu ba ta fita.

Madam ta jira ƙofa ta rufu. Ta ce Kawu zai ƙarasa sha ɗayan da suka rage, ran Juma'a kuma ita ce ranarsa ta ƙarshe. Ta ce idonsa ya fi na duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan, amma ba za ta iya barin kayan mutane a hannun wanda aka gaya wa abu ya yi akasinsa ba. Ni na fassara masa wannan ma, kalma bayan kalma, kuma ko a nan ban ce komai ba.

Ya ƙarasa su cikin kwana biyun. Kowane ɗaya sai da ya kai shi bakin ƙofa. Ran Juma'a ya rubuta haɗin a takarda, ɗigo kaza na wannan, ɗigo kaza na wancan, ya manna a bango saitin kujerar, ya ajiye makullin loka a teburin Madam, ya yi mata godiya. Litinin ya koma Fordham.

A watan Disamba na kasa jurewa, na sami Madam na gaya mata gaskiya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce da ranar na faɗa, da wata magana ce, yanzu ta riga ta ɗauki wani. Ba ta kore ni ba, ban kuma san ko hakan ya fi mini sauƙi ba. Firdausi ba ta sani ba har yanzu, Kawu ya hana a gaya mata. Launin kuwa ya karɓu. Wasu gidajen wasan sun gani sun aiko, masu hannun ƙofa ma suna nema, kusan kowane sati sai na fesa lamba huɗu.

Wata Asabar a Janairu na je wurinsa da rana. Sanyi ya kai inda ake jin sa a haƙori. Yana zaune a kan wani akwatin roba da ya kifa, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo, huluna da safar hannu jere a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ciro ɗan guntun alminiyom ɗin nan mai 4 a baya, wanda na ɓoye tun ranar, na miƙa masa. Na shirya maganganu da yawa a cikin jirgi, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya karɓa ya ɗaga shi saitin rana. Ya murza shi da babban yatsa. Ya hura masa iskar baki, ya goga a hannun rigarsa da ƙarfi, ya sake dubawa.

"Ba ya goguwa," ya ce.

"Ba ya goguwa, Kawu."

"To madalla. Wannan dai ko ni ba zan iya ɓata shi ba."

Ya sa shi a aljihun ƙirji. Wata mata ta tsaya tana tambayar safar hannu baƙa, ta can ƙarshen tebur inda hannunsa ba ya kaiwa. Na yunƙura zan miƙo mata, ya ɗaga mini hannu ya ce in bari. Ya yaye bargon, ya dafa teburin da hannu biyu, ya miƙe a hankali, ni kuwa ina tsaye ina kallo.